Ranar da Malami Tafinta Bai Ɗaga Ido Ba

Shekara ashirin da tara Malami ya yi yana tafinta a ɗan asibitinmu da ke kan hanyar Kalambaina, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya guda ne: ba a taɓa sallamar mara lafiya ya koma gida da ciwonsa a ɓoye ta bakinsa ba. Ba shi da mota, ba shi da fili, ɗaki biyu ne kawai ya gada a Ƙofar Dundaye, amma wannan maganar ko a gaban wa zai faɗe ta. Sau ɗaya tak ta karye, kuma ina wurin. Ni ne Lawwali mai ba da kati. Tagata tana kallon ƙofar likita, don haka abin da ya wuce ni a asibitin nan kaɗan ne.

In ka duba takardar ɗaukarsa aiki ba za ka ga tafinta ba. Lebura aka rubuta. Shara aka ɗauke shi, da tura keken marasa lafiya, da wanke tasoshi. To amma kusan kowace shekara sai an turo mana likita ɗan bautar ƙasa daga kudu, da farar riga da ilimi fal kai, amma ko “zo” ba ya ji da Hausa. Masu zuwa wurinmu kuwa manoman gero ne da na shinkafa, da matansu, da masu fasa dutse, Turanci bai taɓa ratsa ƙofar gidansu ba. Sai a zauna ana kallon-kallo. Malami ya yi aji uku a sakandare kafin mahaifinsa ya rasu, shi ya sa aka fara kiransa ya ajiye tsintsiya ya zo ya taimaka. Tun ana kira har aka daina, da kansa yake shiga ya tsaya gefen tebur.

Ɗan Rundawa ne, wato mahautan garin nan. Kakansa mahauci, ubansa mahauci, yayyensa har gobe suna da teburin nama a kasuwa. Shi kaɗai ya fita zakka, domin jini yake tsoro. Ranar da aka fara miƙa masa wuƙa a mayanka jiri ya kwashe shi, sai da aka yayyafa masa ruwa. Ni kuwa ban taɓa barin wannan ya wuce ba. “Ka gudo ma jinin shanu ka hwaɗo jinin mutane,” nake ce masa, “wagga wace irin dabara ta?” Sai ya ce in ji da katina.

Duk da haka akwai abin da ya ɗauko daga gidansu. Da yake ba shi da amfani a mayanka, ubansa yakan ja shi kasuwar kara sayen shanu, kuma a can ya koyi kallo. Saniya ba ta magana, dillali kuwa maganarsa ta yi yawa, sai tsohon ya koya masa ya toshe kunne ya buɗe ido. Ya duba yadda take taka ƙafa, ko hancinta da laima, ko tana tuƙa, wane gefe take jingina nauyinta, ina take yawan kai wutsiya alhali babu ƙuda a wurin. Da wannan idon ya shigo asibiti.

Kuma asibitin yana buƙatarsa, domin mutanenmu ba sa faɗin ciwo. Ka san halinmu. Ka tarar da mutum ya dafe ciki gumi yana karyo masa, ka ce ya jiki, zai ce maka da sauƙi, alhamdu lillahi. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka rene shi. Raki abin kunya ne, kuma ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bawa. Farkon aikinsa Malami yakan juya wannan amsa da wata kalmar Turanci mai harufa huɗu, “fine”, mu muna ce mata fayin. Likita ya ji fayin, ya rubuta maganin ciwon kai, na gaba ya shigo. Wata rana aka yi wa wani tsoho haka, har ya kai bakin ƙofa, sai Malami ya ga yadda yake taka ƙafar dama a hankali yana kare gefen cikinsa da gwiwar hannu. Ya ce Dakta a dawo da shi. Kafin azahar an garzaya da tsohon babban asibiti, an yi masa aiki a ranar. Tun daga nan Malami ya sa wa kalmar nan ido.

Likitan wannan shekarar da zai tafi ya bar masa wani ƙamus wanda bangonsa ya cire. Malami ya buɗe wurin fayin don ya ga wace irin aba ce ta kusa kashe mutum, sai ya tarar ta cinye kusan rabin shafi. Ya taho tagata da littafin a buɗe yana huci kamar an zage shi.

“Lawwali, dibi abin ga,” in ji shi. “Lahiya, fayin. Mace kyakkyawa, fayin. Alƙali shi ci ka tara, fayin. Garin tuwo in ya yi laushi, fayin. Zare siriri, fayin. Gari shi waye garau babu hadari, shi ma fayin na. Kai, har mutum in ya yi hushi yana son a ƙyale shi, fayin za shi ce ma. Kalma guda ta ɗauki kaya haka ba ta karye ba?”

Na ce masa mutum goma ne a layi, don Allah ya matsa.

Bai matsa ba, kuma bai bar maganar ba. A ƙasan shafin an jero mata ’yan’uwa, su “well” da “better” da “fair” da wasu da na manta, ya yi wata guda cur yana auna su. Ko fura muke sha sai ya kawo zancen. Wannan ta wanda ya warke ce, wannan ta wanda ke kan hanya, waccan kuwa ta wanda dai bai mutu ba. Har na fara gudunsa lokacin hutu, domin ni ban ga abin da ya haɗa ni da dangin fayin ba. A ƙarshe ya yanke cewa duk cikinsu babu wadda za ta iya ɗaukar amsar Bahaushe mara lafiya, domin abin da likita ke nema ba a bakin mutumin yake ba.

Sai ya ƙirƙiro hanyarsa. Kowane mara lafiya sau uku yake tambayarsa. Ta farko gaisuwa ce, ya san amsarta. Ta biyu yakan lanƙwasa ta, ya tambayi gona, ko ruwa ya sauka wajensu, ko an gama noman farko, ya bar bakin mutum yana aiki shi kuma yana kallon hannunsa. Yakan ce hannu bai iya kawaici ba, komai daɗewa sai ya koma inda ke ciwo. A ta uku sai ya nuna wurin ya ce, “Nan fa, Baba?” Daga nan zai juya ya gaya wa likita abin da aka ce, sannan ya ƙara da abin da ya gani.

Kowane sabon likita, kafin ya yi mako biyu, ya koyi Hausa kalma biyu. Da ya ji fayin sai ya ajiye biro ya ce, “Malami, wane iri?” Malami ya ce na gaskiya ne, a rubuta magani. Ko ya ce na tsoron allura ne. Da damina kuwa wanda ya fi yawa shi ne na mai son a sallame shi ya koma gona kada ciyawa ta cinye masa gero, irin waɗannan ko ƙafa ta ruɓe sai sun ce da sauƙi. Akwai kuma wanda yake kira na kunya, yawanci mata ne masu ciwo a wurin da ba za su ambata gaban namiji ba. In ya ga wannan ba ya ƙara tambaya. Fita yake yi ya kira Sista Rahmatu ungozoma, ta ja matar bayan labule, su ƙare ta tsakaninsu. Mata da yawa suna raye yau saboda wannan ɗan fita da yake yi.

Shekarun baya wani likita ya zo da waya mai fassara, ya ce an huta da tafinta. Malami bai yi musu ba, ya ɗauki tsintsiyarsa ya tafi share baranda. Kwana uku wayar tana gaya wa likita kowa lafiyarsa lau. A na huɗu ya leƙo da kansa yana kiran Malami. Da Malami ya zo wucewa ta tagata ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Wayar tana da ido?” Ranar kam na ga haƙoransa duka.

Matarsa Wasila ’yar wani ƙauye ce gaba da Kalambaina, gidan manoman shinkafa. Ita ce ’yar fari wurin mahaifiyarta, Inna Ashatu. Tsakanin Malami da surukar nan tasa akwai kunya irin ta da, wadda yanzu sai an tona. Tun daga zaure yake cire takalmi. Can nesa yake durƙusawa, fuska a bango, ya gaishe ta. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. In ya hango ta a hanya cikin gona yake ratsewa, kuma an taɓa ganinsa a kasuwa ya maƙale bayan buhunan albasa har sai da ta gama cinikinta ta wuce. Ita ma ba ta kama sunansa, uban Sadiya take ce masa, da sunan ’yarsa. Ya taɓa gaya mini cewa in aka jera tsofaffi goma ba zai iya fitar da ita ba sai ta murya, ko ta ƙafa, domin ƙafafunta kaɗai ya sani.

Kada ka ɗauka ba sa shiri. Sabuwar shinkafa in ta shigo, ƙwaryar farko gidan Malami take aikawa. Shi kuma ba a yin Salla bai karɓo mata ƙirji da hanta wurin yayyensa ba, domin ya ji Wasila ta ce su take so. Ƙaunar juna suke yi sosai, kuma kowa ya sani. Ni dai abin yakan ba ni dariya, mutumin da ke leƙa idon kowa a asibiti ya koma ɓuya bayan albasa.

Shekara uku ke nan, wata Talata cikin damina, Wasila ta sauko daga napep riƙe da tsohuwar. Ta ce ta je ƙauye ta tarar Inna ta rame, ba ta cin abinci, masassara tana zuwa tana tafiya, da kyar ta lallashe ta ta yarda ta zo. Ni na rubuta wa tsohuwar kati. Na lura ta ɗan buɗe hannun hagu daga jikinta, kuma ta ninka mayafi biyu a wannan gefen ta ƙanƙame. Na gani, ban ce komai ba. Ni mai kati ne, ga mutane sun cika mini taga kowa yana miƙo hannu kamar ana rabon goro.

Malami yana hango su ya faɗa ɗakin ajiya. Can sai ga shi ya zagayo ta bayan tagata yana raɗa.

“Lawwali, don girman Allah ka shiga mini yau.”

Na ce, “Ni? Turancina na kati na, suna da shekara da unguwa. In likita ta wuce nan, mi za ni ce?”

“To a jira Sista Rahmatu.”

“Yau Talata, ranar awo. Mata talatin ka jiran ta. Kai dai shiga ka yi aikinka, Inna ba cizo takai ba.”

Dariya ma na yi masa. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na wanke kaina.

Likitar wannan shekarar mace ce, ’yar siririya, sunanta ya fi ƙarfin harshenmu muka sa mata Dakta Ƙarama. Tana da hankali, tana da haƙuri, kuma ta yarda da Malami fiye da yadda ta yarda da abin awon zafinta. Ta ƙwala masa kira. Babu wuta ranar, an bar ƙofa a buɗe don iska, don haka komai a gabana aka yi. Wasila ta zauna a benci a waje, domin tsohuwar ba za ta buɗe baki gaban ’yar fari ba. Malami ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin nan, ya raɓa ya durƙusa jikin bango, ya ba su rabin baya, idonsa a siminti. Dakta ta tambaye shi lafiya, ya ce mahaifiyar matarsa ce. Ta yi murmushi, abin ya burge ta.

“Inna, likita na gaishe ki,” in ji Malami, muryarsa da kyar take fita. “Tana tambaya ya jiki.”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. A ce mata an gode.”

“Tac ce ina ka miki ciwo?”

“Babu ko’ina. ’Yar masassara ta, sai tsuhwa.”

Ya juya wa Dakta, kalma da kalma. Ba zancen gona, ba zancen ruwa. Dakta ta duba idon tsohuwar da harshenta, ta sa abin sauraro, amma da ta nufo gaba Inna ta ƙara damƙe mayafi, sai ta haƙura ta saurara ta baya. Ita ma ta lura da hannun, ta ce a tambaye ta.

“Inna, tac ce hannun ga fa?”

“Sanyin damina na. Kowace shekara haka shikai.”

Ya juya wannan ma. Dakta ta aika aka ɗibi jini, sakamako ya nuna zazzaɓin cizon sauro, wanda da damina in aka auna ni ma za a samu. Ta ɗauki biro, sai ta tsaya, ta dubi Malami kamar yadda ta saba.

“Malami, wane iri?”

Ina kallon ƙeyarsa daga tagata. Abin da ake buƙata bai wuce ya ɗaga kai na numfashi guda ba. Mutumin da ke gane ciwo daga takun ƙafa, da ya dubi yadda ta riƙe mayafin nan, an gama. Ko bai duba ba ma, da ya ce na kunya ne, Sista Rahmatu tana nan taku ashirin, ko da jira ne a jira ta. To amma in ya ce na kunya ne, a gaban Inna, ya zama ke nan ya kawo wani tunani game da jikin surukarsa. Bai ɗago ba.

“Na gaskiya, Dakta,” in ji shi.

Aka rubuta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, aka sallame ta.

Da suka tafi ya zo tagata rigarsa sharkaf da gumi. Na tsokane shi na ce yau tafinta ya ga maza, ya yi ’yar dariya. Sannan na ce, “Amma hannun nan nata fa?”

“Tac ce sanyi na.”

“Kai kuma ka yarda? Sau guda ka tambaye ta.”

Ya dube ni ransa a ɓace. “Lawwali, surukata ta. In ce mi? In ce na ga wani abu ga jikinta?”

Na ci gaba da jera katina. Da ni ne a wurin, da surukata, ban san abin da zan yi ba.

Abin bai bar shi ba. Bayan mako guda ya ce da Wasila ta bincika ko akwai abin da Inna ke ɓoyewa. Wasila ta ce ita ’yar fari ina ta ga fuskar wannan tambaya, sai ta aika wa ƙanwarta da ke aure kusa da ƙauyen. Ƙanwar ta je ta tambaya daga tsaye, Inna ta ce masassara ta sauka, a gode wa uban Sadiya. Saƙon ya biyo hanyar da ya bi ya dawo, Malami ya karɓa ya riƙe, domin shi yake so ya ji. Na tabbata da wata tsohuwa ce daban da ya hau mashin ya je ya ɗauko ta da kansa.

Aka yi girbi, ƙwaryar shinkafa ta iso kamar kullum. Wata biyar bayan zuwanta asibiti, wata maƙwabciyarta ta shiga ɗakinta ta ji wari, ta matsa mata har ta ga wurin. Ciwon daji ne a nonon hagu, ya riga ya fashe. Ashe tun kafin damina take fama da ƙullutu, tana shafa masa man shanu da garin magani tana ɗaurewa da tsumma.

Aka kai ta babban asibiti. Likitan can da Turanci ya yi bayani, Malami yana tsaye a baranda shi da Wasila, don haka shi ya fara ji, kuma shi ya juya wa matarsa. Ciwon ya bazu har huhu. Da an kawo ta wata biyar ko shida da suka wuce, da an yi aiki, kuma da akwai fata. Yanzu sai dai maganin rage zafi, a mayar da ita gida. Wasila ta gaya wa matata cewa bai rage ko kalma ɗaya ba, har da zancen wata biyar ɗin, ya faɗa mata yana kallon idonta. Ita ba ta ɗora masa laifi ba. Ta ce ai ita ma ba ta tambaya ba.

Malami ya dawo aiki washegari. Bai ƙara yin taƙamar nan tasa ba, ko sau ɗaya. Tambayar da yake yi sau uku ta koma biyar, har layi yana tsawo, masu jira suna zagina ni da ban san hawa ba. Fura ma ya daina zuwa sha. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma na ji haushin kaina, amma mu biyun babu wanda ya tayar da zancen.

Wata Lahadi aka aiko cewa jikin Inna ya yi tsanani. Wasila dama tana can. Malami ya zo gidana bayan azahar ya ce in kai shi a mashin ɗina, ba ya jin zai iya tuƙi. Muna tafe, manyan motocin siminti suna wuce mu, ina jin sa a bayana yana maimaita magana shi kaɗai. Na rage gudu na ce me yake cewa. Ya ce gafara zai roƙa, kuma yana so ya faɗi abin da ya yi da sunansa, ba a dunƙule ba. Zai ce mata aikinsa ne ya duba, bai duba ba. Zai ce an tambaye shi ya ba da shaidar abin da bai gani ba. Na ce to Allah ya ba da sa’a.

Mun isa bayan la’asar. Gidan cike da mata, dangi da maƙwabta, suna zaune a tsakar gida kan tabarmi. Ya cire takalmi a zaure. Aka yi mana iso, ni na tsaya baya, shi ya je ya durƙusa gefen ƙofar ɗakinta, labule a sake, fuskarsa a bango. Wasila ta leƙo daga ciki ta ce Inna ta ji zuwansa.

Ya gaishe ta. Daga bayan labule murya ta fito, ta shaƙe ƙwarai, ta amsa. Sannan ya ce, “Inna, na zo ki gafarta mini.”

“Gafarar mi, uban Sadiya?”

“Ranar da anka kawo ki asibiti, Inna, ni…”

Ta katse shi. Tana magana tana hutawa, tsakar gidan ta yi tsit kowa yana ji.

“Ranar nan nika son in yi ma godiya. Tun a hanya gabana ka hwaɗuwa. An ce mini kai ba a ɓoye ma ciwo, da ka dibi mutum ka gane. Nic ce yau asirina ya tonu gaban surukina, ina za ni sa kaina. Sai ka shigo ka ba ni baya. Har munka gama ba ka ɗaga ido ba.” Ta yi tari mai tsawo, Wasila ta ba ta ruwa. “Shekara ashirin da shidda kana auren ɗiyata, ba ka taɓa dibin huskata ba. Ka ruhe mini asiri, Allah shi ruhe naka. Allah shi ba ka surukai masu kunyarka awa yadda kaj ji tawa. Allah shi yi ma albarka.”

Matan tsakar gida suka ɗauka gaba ɗaya, amin, amin, Allah sarki, ɗa na gari. Wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye tana cewa irinsu sun ƙare. Malami yana durƙushe, bakinsa a ɗan buɗe, sauran maganar da ya taho da ita tana ciki. Ana jiran amsarsa. Mai mutuwa ta sa maka albarka gaban jama’a, abu ɗaya ake cewa.

“Amin, Inna,” in ji shi.

Ta rasu ranar Laraba da hantsi. Malami ya yi ritaya bara, yana nan Ƙofar Dundaye, yakan zauna a ƙofar gida da yamma. Wasila ta ce yanzu ba ya son zuwa ƙauyen sai dole, domin duk sabon angon da aka ga yana da rawar kai gaban surukai, da Malami ake ba shi misali, kuma in yana gari sai an kawo angon ya gaishe shi.